Tumatirin da Ya Ƙi Nuna

Lahadi ta biyu bayan ƙaramar salla na tsaya a kangon bayan gidanmu ina duba tumatirina. Buhu arba'in da biyu, kowanne da tushe guda, kowane tushe ɗauke da 'ya'ya. Ko ɗaya babu ja. Kore shar, ga tauri kamar goruba.

Laifina ne. Shekara shida na yi a Konya, can ƙasar Turkiyya, ina karatun aikin gona. A can sai sanyi ya wuce ake dasa tumatir, domin ƙanƙara kashe shi take yi. Da wannan na dawo Kano, ban kuma sauke shi daga kaina ba. Duk watannin da manoman Kura da Kadawa ke cika motoci da tumatir, ni ina zaune a Dala ina jiran sanyi ya tafi. Sai ƙarshen Fabrairu na dasa. A takarda na san cewa in zafi ya haura talatin da ɗoriya tumatir ba ya yin ja, har jarrabawa na ci a kan haka. Leƙa waje ne ban yi ba.

Mutanen gidan duk sun gani. Babu wanda ya ce uffan, saboda ina da digiri, an ɗauka wata sabuwar dabara ce ta ƙasar waje. Mutum ɗaya ne ya faɗa mini, Ɗahiru, ɗan Goggo 'Yardada ƙanwar mahaifina. Shi kuwa taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana babu zolaya a ciki ba. Ya ce, "Baturen gona, yanzu ake tashi daga lambu, kai yanzu za ka shiga?" Na ce ya je ya ja adaidaitarsa.

Kangon ɗakin kakanmu ne da wata damina ta rushe. Rufi ya tafi, katanga uku ta rage. Ni da Ɗahiru rana ɗaya muka neme shi a wurin Baffa Gwadabe, yayan mahaifina, wanda gidan ke hannunsa. Ni ina son lambu, shi yana son wurin ɗaure ragunan da yake turkewa don kasuwar layya, tunda bana Baffa ya hana ɗaure dabba a tsakar gida. Baffa ya saurare mu duka, ya ce:

"Mikail ya fara. In abin da ya shuka ya shiga tukunyar gidan nan, na sa a bakina na haɗiye, kango nasa ne, ya yi ta shuka. In bai shiga ba, ranar da ragunan Ɗahiru suka iso ya kwashe buhunansa."

Ragunan za su iso ranar Juma'a daga kasuwar Wudil. Saura kwana biyar.

Ina tsaye sai ga Ɗahiru ya shigo da guduma a kafaɗa da igiya a hannu.

"Sannu da aiki, Baturen gona. An fara girbi?"

"Me ka zo yi da guduma?"

"Awo. Turke huɗu zan kafa. Kada ka damu, ba yau ba, ina da tausayi."

Ya tsinki tumatir ɗaya, ya juya shi a hannu, ya jefi katanga da shi. Ya dawo ya faɗi a gabansa ko tsagewa bai yi ba.

"Wannan in aka sa a danƙo kurciya zai kashe," in ji shi. "Ka dai yi a hankali, tukunyarmu ta gado ce, kada ka fasa mana ita."

"Ragunan naka ma ba ka saya ba tukuna."

"Su ai a nune zan sayo su."

Da ya fita na duba wayata. Zafi arba'in da ɗaya yau, arba'in da biyu gobe, haka har ƙarshen mako. Ganyen ya nannaɗe, furen da ya rage yana zuba, wasu 'ya'yan rana ta fara ƙona musu gefe ɗaya sun yi fari. Jira ba shi da amfani. Na tsinke su duka kafin azahar. Kwando biyu.

Na ware guda ashirin da suka ɗan yi haske, na zuba a kwali tare da nunanniyar ayaba, na tura ƙarƙashin gado. Dabara ce mai aiki a inda akwai sanyi. A ɗakina, kwana biyu ayabar ta narke, tumatirin ya yi rawaya irin ta idon mai shawara, ƙananan ƙudaje suka tare a wurin.

Kwando guda kuma na yi masa abin da tsohuwar da na yi haya a gidanta a Konya take yi. Kowace shekara in sanyi ya kusa, sai ta tsinke ɗanyun da suka rage ta jiƙa su a ruwan gishiri da ruwan kal da tafarnuwa, ta rufe a kwalabe ta kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bayan sati uku a buɗe a ci da wake. Yana da daɗi, wannan ba na shakka. Ni kwalbar ruwan kal ɗaya na samu, sai na cike da ruwan gishiri. Maimakon kwalabe na wanke bokitin fenti biyu, na huhhuda tumatirin da cokali mai yatsu, na danna, na buga murfi gam. Ba mu da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan shi ne soron Baffa, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara. Na ajiye su bayan ƙyaure na rufa musu tsohuwar tabarma. Ban nemi izini ba.

Ranar Talata bayan la'asar ina ɗaki na ji ƙara, kamar tayar babur ta fashe. Jim kaɗan Baffa ya ƙwala mini kira.

Na same shi tsaye, abin da ba kasafai yake yi a soronsa ba. Baƙonsa Malam Yero, maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, yana bakin ƙofar waje da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Murfin bokiti na tsakiyar soro. Kumfa tana malala daga ƙarƙashin tabarma, warin tafarnuwa ya cika wurin.

"Mikail," in ji Baffa, "mene ne wannan da ke tafasa babu wuta?"

"Tumatir ne, Baffa. Jiƙa shi na yi. Haka ake yi a can."

"A can ɗin, Musulmi ne ke yi?"

"Musulmi ne. Har limamai suna ci."

Malam Yero ya sa ɗaya takalmin. "Ni dai, Malam Gwadabe, duk abin da aka rufe ya kwana biyu ya yi kumfa, ina ganin ya kamata a yi masa tambayoyi."

"A kira 'Yardada," in ji Baffa.

Goggo ta zo bakin ƙofar ciki da mayafi a ka, ta gaida Malam Yero. Ita ke riƙe da tukunyar gidan tun da mijinta ya rasu ta dawo. Na jawo mata bokitin. Ta sunkuya ta shinshina, ta tsoma ɗan yatsa ta taɓa harshe, ta tofar a gefe.

"Yaya, ba abin da kuke tsoro ba ne. Gasara ma in ta kwana haka take yi. Amma fa ba abinci ba ne."

"Bai yi ba tukuna," na ce. "Sai ya yi sati uku."

"In ya yi sati uku a nan, mu za mu bar masa soron."

Baffa ya koma ya zauna kan buzunsa, ya ɗan janye shi daga inda kumfar ta nufa. "Ka kwashe. Ɗayan ma ka fitar kafin ya yi nasa. Kuma ko da ya yi daɗi, bokitin fenti ba tukunyar gidan nan ba ne."

Da na buɗe na biyun a waje, tumatirin ya yi laushi, wani farin abu ya rufe saman ruwan. Tsohuwar Konya ma da ta gani zubarwa za ta yi. Na zubar. Na wanke soron da omo sau biyu. Ina cikin na biyun Ɗahiru ya dawo daga aiki, ya tsaya a kaina.

"An ce ka harba bindiga a soron Kawu."

Na ci gaba da dirzar ƙasa.

"Malam Yero ya ce tun zamanin soja bai yi irin wannan gudun ba."

Laraba da hantsi na ɗauko kwandon da ya rage na zauna a inuwar rumfa da faranti da wuƙa. Na riga na haƙura da kango. So nake in yayyanka su in shanya, kada dai in zubar da wahalar wata biyu da jarkokin mai garuwa a kwata. Goggo na zaune kan kujerarta tana tsintar wake. Ta daɗe tana kallona ta gefen ido.

"A can ɗin, ɗanye ake yi wa kauɗa?"

"A'a."

"To a nan ma ba a yi."

Ta miƙo hannu ta ɗauki yanka ɗaya daga farantin. Ta duba gaba da baya, ta gatsa. Ta runtse ido ɗaya. Ta daɗe tana taunawa. Ta ɗauki na biyu, ta dangwali gishiri, ta sake ci.

"Duk haka suke?"

"Duk."

"Wannan tsamin ai na yakuwa ne. Ga ɗan ɗaci a ƙarshe irin na gauta. Kuma ba zai narke a wuta da wuri ba." Ta ture farantin waken gefe. "Ajiye wuƙar nan, kana ɓata su. Gobe da safe ka je kasuwar Rimi. Tsakin masara mudu biyu, alayyahu mai yawa, ƙashin saniya, ɗanyar gyaɗa, albasa mai lawashi. Kada ka sayo yakuwa. Kada ka sayo gauta."

"Fate za ki yi?"

"Kai dai ka sayo."

Fate ne. Baffa na son faten tsaki fiye da komai, amma tun da kaka ta wuce ba a yi masa ba, domin fate sai da tsamin ɗanyar yakuwa, ita kuwa a bazara sai busasshiya, wadda ya ce ɗanɗanon tsohuwar igiya gare ta.

Alhamis tun safe ƙashi ke kan wuta. Maza ba sa shiga madafin Goggo, amma ta ce tunda na yi shekara shida ina dafa wa kaina taliya, in zauna a bakin ƙofa in yi yanka. Ta raba tumatirin gida biyu. Kashi ɗaya ta sa na daka a turmi da attaruhu da albasa da daddawa, ta juye a ruwan ƙashi tun da wuri don tsamin ya fita. Kashi ɗaya ta ce in raba kowanne huɗu in ajiye.

"Manya-manya. Ba na son wannan yankan naka na mai tsoron wuƙa."

Ta rege tsaki ta zuba, tana juyawa da muciya. Da na ga ya fara kauri na tuna ana sa kanwa a wasu girke-girken, na miƙa mata. Ta buge mini hannu.

"Tsamin da muke nema za ka kashe? Digirin naka a kan me aka ba ka?"

"Ban ruwa."

"To tsaya a kan ruwan."

Wajen azahar Ɗahiru ya shigo shan ruwa. Ya ga turmi, ya ga bawon kore a ƙasa, ya leƙa tukunya.

"Goggo, me nake gani haka?"

"Mai adaidaita, kauce, ka tare mini iska."

Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da yana makaranta "wannan yaron" ne, da ya fara sana'a ya samu ƙarin girma.

"Tumatirinsa kike dafawa. Gobe fa ragunana za su zo."

"Allah ya kawo su lafiya."

"Ni fa kika haifa."

"A ina? Wa ya gani?"

Ya juyo wurina. "Ka gani ko? Kara ce za ta kashe ni a gidan nan. Tun muna yara, kai ka fasa tulu ni a doke ni. Ɗan ɗan'uwa shi ne ɗa, ni kuwa baƙo ne."

"Ka yi haƙuri," na ce. "Za mu ɗiba maka."

"Ko a bakina. Abin da ko akuya ta ƙi."

"Ka ba akuya?"

"Na ba akuyar Malam Yero jiya. Ta shinshina ta tafi."

Ni ma a lokacin kara na ɗauka. Al'adar gidan ce, uwa ba ta goyon bayan nata a gaban na wani. Na ɗan ji kunya, amma ban daina yanka ba.

Bayan la'asar ta zuba dakakkiyar gyaɗa, ta kawo man ja, sannan alayyahu da lawashi da manyan yankan nan a ƙarshe. Ta rufe ta janye itace. Ta ɗiba a ludayi ta ɗanɗana, ba ta ba ni ba.

A layinmu har yanzu ana ciyayya. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane magidanci a fito masa da abincin gidansa, a haɗa a ci tare. Ranar akwai Baffa, da Malam Yero, da Alhaji Mustafa mai shagon yadi a Kwari. Ni da Ɗahiru muna bakin tabarma. Daga gidan Malam Yero tuwon masara da miyar kuka, daga gidan Alhaji dambu. Na ajiye kular Goggo a tsakiya na buɗe. Tururi ya tashi.

"A'a, fate?" in ji Alhaji Mustafa. "A wannan watan?"

Aka raba cokula. Baffa ya yi bisimilla ya kai na farko. Ba ya magana in yana ci, fuskarsa kuma ba ta nuna komai, ko zuma ya sha ko maɗaci. Na bi cokalin da ido har bakinsa. Ya tauna. Ya haɗiye. Ya sake miƙa hannu.

"Malam Gwadabe," in ji Malam Yero, "ina kuka samo ɗanyar yakuwa a bazarar nan? Uwargidana ta zagaye Rimi kaf."

Baffa bai ɗago ba.

Alhaji Mustafa ya tsamo yanka ɗaya a cokali ya ɗaga shi wajen hasken fitilar ƙofa. "Gautar nan ba irin tamu ba ce. Ta Jos ce?"

"Ta nan kusa ce," na ce.

Ɗahiru ya fara da tuwo. Ya yi loma uku, ya koma dambu. Can na ga cokalinsa ya ratsa ta gefen kula kamar ɓatan hanya ya yi. Daga nan bai sake komawa kan dambu ba.

Da kular ta kusa ƙarewa Baffa ya ƙwanƙwasa gefenta da cokali. "A ƙaro."

Na shiga ciki. Goggo ta riga ta zuba ta biyun ta rufe, tana zaune kusa da ita tana fifita. Ta nuna mini da haɓa.

Ta biyun ma aka share. Tuwon Malam Yero ya rage fiye da rabi, abin da ya sa ya ce zai rufe kwanon da kyau kada a gani a gida. Baffa ya wanke hannu, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Sannan ya dube ni.

"Mikail, kango naka ne."

Ɗahiru ya ajiye cokali. "Kawu, ai tumatir in an ce tumatir, ja ake nufi."

"Na ce ja?"

"Ba ka ce ba, amma..."

"Cokali nawa ka yi?"

"Ni na ƙirga masa har ashirin," in ji Malam Yero, "sai na ga fate na wuce ni, na bari." Ya tsaya. Ya dubi kular, ya dube ni. "Dakata. Tumatir? Abin nan da ya yi harbi ranar Talata?"

"Ɗan'uwansa ne," in ji Baffa, "wanda bai shiga bokiti ba. Tun cokalin farko na ga 'ya'yansa. Gauta ba ta da wannan ruwan a ciki."

Malam Yero ya dafa cikinsa, kamar mai sauraron wani abu. Alhaji Mustafa ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce in akwai saura a aika gidansa.

Ɗahiru kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce yanzu sai ya kai ragunan Kurna wurin wani abokinsa, inda ba zai riƙa ganinsu ba sai sau ɗaya a rana, ga ɓarayin dabbobi a unguwar. Da gaske yake, babu zolaya a muryarsa. Jarinsa ke nan na shekara.

Ni kuwa lissafi nake yi. Yanzu na san lokacin dashe, sai Oktoba. Layya saura wata biyu. Kango zai zauna babu komai har damina ta wuce. Rago huɗu kuma, in suka yi wata biyu a wuri ɗaya, za su bar takin da ba sai na ɗauko daga ko'ina ba.

"Ka ɗaure su a kangon har layya," na ce. "Amma takin nawa ne. Ko ƙwaya ɗaya ba za ka fitar ba."

Ya dube ni. "Kashin rago ma sai ka yi masa rajista?"

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda, Baturen gona. Har na wanda ya yi zawo na bar maka."

"Kun daidaita?" in ji Baffa. "To an gama." Ya tashi don alwalar isha'i.

Na kwashi kulolin na kai ciki. Goggo na kankare ƙanzon tukunya tana ci. Na durƙusa na yi mata godiya, na ce na san kara ta yi mini, ta bar ɗanta ta tsaya mini. Na ƙara da cewa kada ta damu, shi ma bai tashi a banza ba, na bar masa kangon har layya.

Cokalin ya tsaya a tukunya.

"Ka yi me?"

Na maimaita.

Ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali. "Kara. Wa ya ce maka kara ce? Bara kana can ƙasar ƙanƙara, raguna uku ya kawo gidan nan. Ya fita da adaidaita tun safe, sai dare. Wa ke dama dusa? Wa ke ɗaukar ruwa? Wa rago ya tunkura ta faɗa kan kwanukan wanke-wanke, ta yi sati tana salla a zaune? Na ce bana su tafi Kurna in huta. Tun safe nake kan wuta a wannan zafin don su tafi Kurna."

"Ban sani ba, Goggo."

"Yaya ya ce an gama?"

"Ya ce."

"To ta zauna." Ta ɗauki tukunyar ta ci gaba da kankara. "Dusa sau biyu, safe da yamma. Ruwa sau uku. Harawa da rana. Tunda takin naka ne, sai ka fara daga inda yake shiga."

Juma'a da safe na tuge tushen tumatirin, na jera buhunan a jikin katanga. Kafin azahar gidan Alhaji Mustafa sun aiko da kwano, uwargidan Malam Yero ta zo da kanta tana tambayar ko da man ja aka yi ko da man gyaɗa. Abin da ya rage a kwandon Goggo ta rarraba, ta ɓoye na girki biyu a bayan randa.

Ragunan sun iso bayan la'asar a bayan a-kori-kura. Ɗahiru ya kafa turakunsa, ya ɗaure su, ya shafa wuyan kowanne, ya ce yana da fasinjoji a Ƙofar Nassarawa, ya fice.

Na dama dusa a bokiti. Goggo ta jawo kujerarta bakin kango ta zauna a inuwa, tana ba da umarni. Ruwan ya yi yawa. Yanzu ya yi kaɗan. A sa 'yar kanwa, nan ne wurinta. Na shiga da bokitin. Uku suka taso suna jan igiya. Na huɗun, babban cikinsu mai baƙin wuya, bai taso ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ja da baya taku uku. Sai a lokacin na lura igiyarsa ta fi ta sauran tsawo.

"In ya ja baya haka ba tsoro ba ne," in ji Goggo, ko motsi ba ta yi ba. "Ajiye bokitin ka hau katanga."

Na hau.